Littafin Edgar Allan Poe da wani uba ya maido mini cikin leda

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidana riƙe da littafi cikin baƙar leda. Ɗiyarsa tana cikin yara goma sha ɗaya da nake yi wa darasin yamma, masu shirin jarrabawar BEPC. Bayan mun gaisa ya ajiye ledar a gefen tabarma, nesa da shi, ya ce: "Malam, faransanci na kawo ta ka koya mata, ko kisan kai?" Ashe yarinyar ta kwashe labarin da muka karanta ta ba ƙannenta da dare, ƙaraminsu ya kasa barci, uwar ta ji, magana ta kai ga maigida.

A kan barcin yaron na ba shi haƙuri, don wannan kam laifina ne. Ban gargaɗi ɗalibaina ba cewa abin da mai shekara goma sha shida zai ɗauka ba shi ne ɗan shekara bakwai zai ɗauka ba. Amma da ya ce in cire littafin daga darasin kwata-kwata, sai na ce: "Alhaji, a nan kam ka yi mini afuwa, ka saurare ni tukuna." Abin da na gaya masa a taƙaice shi nake so in faɗaɗa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Cikin malamai ƴan uwana ma akwai masu ganin cewa labarin da ke da gawa a ciki ba shi da abin yi a hannun ɗan makaranta. Ni kuwa ina ganin wannan littafi yana cikin mafi amfanin abin da na taɓa sa wa yara a gaba.

Sunansa Nouvelles histoires extraordinaires. Tarin gajerun labarai ne guda ashirin da uku na marubucin Amurka Edgar Allan Poe, waɗanda mawaƙin nan na Faransa Charles Baudelaire ya juya zuwa faransanci, aka buga a Paris a 1857. Shi ne kundi na biyu, na farkon ya fito a 1856. An haifi Poe a Boston a 1809. Mahaifinsa ya tafi ya bar su, mahaifiyarsa ƴar wasan kwaikwayo ta rasu a 1811, wani ɗan kasuwa na birnin Richmond mai suna John Allan ya riƙe shi, amma ba su rabu da daɗi ba. Da rubutun mujallu ya ci abinci, cikin talauci. Matarsa Virginia ta mutu da tarin fuka a 1847 tana da shekara 24, shi kuma a 1849 aka tsince shi a Baltimore ba ya cikin hayyacinsa, ya cika bayan ƴan kwanaki yana da shekara 40. Mutum ne da ya fara binne nasa tun bai san kansa ba, kuma hakan ya fito a rubutunsa. Nawa kwafin na saye shi jika ɗaya wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, lokacin ina makarantar horar da malamai. Bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi.

Labarin da ya jawo mini ziyarar Alhaji shi ne wanda zan kira Zuciya Mai Tonon Asiri, wanda ya fara fitowa a 1843. Bai wuce shafi biyar ko shida ba. Zan ɓata wa wanda bai karanta ba, ya yi haƙuri, babu yadda zan kare shi ban faɗi abin da ke ciki ba.

Wani mutum ne yake magana da kai kai tsaye, kuma abin da ya fara yi shi ne ƙoƙarin tabbatar maka cewa shi ba mahaukaci ba ne. Gida ɗaya suke da wani tsoho. Da bakinsa ya ce tsohon bai taɓa cutarsa ba, bai taɓa zaginsa ba, kuma ba dukiyarsa yake so ba. Ido ɗaya ne kawai na tsohon, mai yana-yana irin na ungulu, yake tayar masa da tsikar jiki, don haka ya yanke shawarar kashe shi. Dare bakwai yana buɗe ƙofar ɗakin tsohon da tsakar dare, a hankali a hankali, da fitila a rufe, yana alfahari da irin haƙurinsa da dabararsa. A dare na takwas ya aikata. Ya daddatsa gawar, ya ɗaga katakon daɓen ɗakin ya cusa ta, ya mayar ba tare da barin ko ɗigon jini ba. Ƙarfe huɗu na asuba ƴan sanda uku suka buga ƙofa, saboda wani maƙwabci ya ji ihu. Ya tarbe su da fara'a, ya zaga da su gidan, ya kawo kujeru cikin ɗakin, ya kafa tasa daidai kan inda gawar take. Sun gamsu, har sun shiga hira. Sai ya fara jin wani bugu. Bugun na ƙaruwa, shi yana ɗaga murya don ya rufe shi, su kuma suna ta murmushi abinsu. Daga ƙarshe shi da kansa ya kurma ihu ya nuna musu wurin.

Da na kai ƙarshe na rufe littafin, tambaya ɗaya na yi musu: wannan bugun na mene ne? Ɗiyar Alhaji ce ta fara ɗaga hannu. Ta ce: "Mushe, ai gawa ba ta da bugun zuciya, tasa ce yake ji." Wani yaro ya ce a'a, babu wani bugu sam, haukarsa ce ta ƙirƙiro shi. Na uku ya ce ƴan sandan sun gane tun farko, zama suka yi suna jira ya fashe. Suka yi kusan minti ashirin suna gardama, da faransanci, kowa na komawa cikin shafi yana nemo layin da zai kafa hujja da shi. Duk wanda ya taɓa tsayuwa gaban allo a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Waɗannan yaran ne da idan ka ce su yi jimla ɗaya a kan rubutun da ke cikin littafin aji sai su sunkuyar da kai kamar an yi musu rasuwa.

To amma ba don sun yi magana kawai nake kare littafin ba. Abin da suka yi ɗin shi ne ainihin karatu, kuma shi ne abin da muka fi kasa koyarwa. Mun saba wa yaranmu cewa abin da aka rubuta gaskiya ne, kuma mai ba da labari shi ne ya san komai, naka kawai ka haddace ka maido. Poe ya ba ka mai ba da labari wanda yake maƙaryaci, ko mahaukaci, ko duka biyun, kuma bai sa maka wani malami a gefe da zai raɗa maka cewa kada ka yarda da shi ba. Kai ne za ka lura cewa duk hujjar da mutumin nan ya kawo don nuna hankalinsa, ita ce take ƙara nuna rashinsa. Yaron da ya taɓa kama irin wannan muryar da ƙarya a cikin littafi, ina kyautata zaton gobe idan aka turo masa saƙon murya a WhatsApp, wani yana magana cikin natsuwa da rantsuwa yana bayyana dalilin da ya sa su wane suka cancanci a far musu, zai ɗan tsaya ya ce: dakata, shi wannan mai maganar fa?

Alhaji ya ce mini, mu ma ai muna da tatsuniya, me ya kai mu ta Nasara? Gaskiyarsa, muna da ita, kuma ba ta rasa abin tsoro ba. Wanda kakarsa ta yi wa tatsuniyar Dodo a tsakar gida cikin duhu ya san yadda ake matsowa jikin babba. Babu wanda ya ce kakanninmu suna ɓata tarbiyya da haka. Sai dai akwai bambanci guda. Dodonmu a waje yake, a daji ko a bakin rafi, kuma ana gane shi daga nesa. Na Poe a cikin gida yake, yana gaishe ka da safe, yana tambayarka yadda ka kwana, kamar yadda mai kisan nan yake yi wa tsohon kowace safiya cikin kwana bakwai ɗin. A mafi kyawun labaran littafin babu aljani, babu maye. Mutum ne kawai da abin da ke cikin ƙirjinsa.

Dubi na Baƙar Kyanwa, shi ma na 1843. Mai ba da labarin ya taso da son dabbobi har ana yi masa dariya, ya auri mace mai irin halinsa. Sai giya ta shiga. Ya fara da zagin matar, ya koma duka, ya koma kan dabbobin. Wata rana ya dawo a buge ya ƙwaƙule idon kyanwarsa da ƴar wuƙa, daga baya ya rataye ta a itace yana kuka, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya yi ne don ya san ba ta yi masa komai ba, don ya san zunubi ne. Wannan wurin ya fi kisan matar da ya biyo baya tayar mini da hankali. Poe ya sa yatsa a kan wani abu da kowa ya sani game da kansa amma ba a son faɗa: akwai lokacin da mutum ke aikata abu saboda kawai an ce kada a yi. Labarin farko na littafin ma kacokan a kan wannan halin yake. Masu cewa akwai giya a littafin ba su yi ƙarya ba. Akwai ta, ga kuma gidan da ta shiga, daga wurin kiwon tsuntsaye da zomaye ya koma wurin da aka gine mace a bango. Ban taɓa jin lacca a kan shaye-shaye da ta sa yara shiru irin wanda wannan labarin ya sa su ba, mu kuwa da muke ganin abin da ƙwaya ke yi wa samari a unguwanninmu bai kamata mu raina wannan ba.

Wanda ni na fi so kuwa shi ne na gangar giyar amontillado, na 1846, duk da cewa shi ne ya fi wahalar karewa, don a cikinsa mugu ne ya ci nasara. Montresor ya ce Fortunato ya ci masa mutunci, amma har labarin ya ƙare bai faɗi abin da aka yi masa ba. Ya same shi a daren wani biki, ya ce ya sayi wata giya mai tsada yana shakkar ko ta gaske ce, zai je ya nemi wani masani ya ɗanɗana masa. Shi ke nan. Fortunato, mai jin babu wanda ya kai shi sanin giya, shi ya dage sai ya je da kansa. Suna gangarawa cikin ramukan ƙarƙashin gida, inda ake ajiye giya tare da ƙasusuwan kakanni, Montresor na ta roƙonsa su koma saboda tarin da yake yi, yana ambaton sunan wancan masanin, shi kuwa yana ƙara kutsawa. Babu wanda ya ja shi. Girman kansa ne ya kai shi lungun da aka ɗaure shi da sarƙa aka gine shi da ransa. Sai a layukan ƙarshe kake gane cewa shekara hamsin ke nan da yin abin, ba a kama kowa ba. Yara suka ce wannan ba adalci ba ne. Na ce to, mutumin da bayan shekara hamsin yake tuna kowane jerin dutse da ya ɗora, da ƙarar ƴan ƙararrawar da ke hular wanda ya kashe, kuna ganin ya kwana lafiya? Nan ma gardama ta tashi, ban raba ta ba.

Yanzu maganar jini, wadda ita ce ainihin damuwar iyaye. Ina roƙon kowane uba ya karɓi salular ɗansa ko ta ɗiyarsa yau da dare, ya duba abin da aka tura cikin rukunoninsu a wannan watan. Hatsarin mota da gawarwaki a kwance a kan kwalta, mutanen da aka kashe a ƙauye, ɓarawon da aka kama ana duka har ya daina motsi. Waɗannan mutane ne na gaske, masu uwa da ƴaƴa, kuma yaro yana kallonsu yana cin ƙosai, ya wuce zuwa bidiyon dariya. Wannan shi ke kashe zuciya, domin yana nuna maka gawa ba tare da ya nemi ka ji komai ba. Labarin Poe akasin haka yake yi. Kisan kansa layi biyu ne ko uku. Sauran shafukan duk a kan abin da ya kai mutum ga yi ne, da abin da ya biyo bayansa. Mai karatu yana fita da nauyi a ƙirji, kuma wannan nauyin shi ne abin da bidiyon salula ya cire wa yaranmu. Idan za a hana ɗaya cikin biyun, wallahi ba littafin zan fara da shi ba.

Akwai kuma wani amfani da malami ne kawai zai damu da shi. Poe ya yi rubutu a 1842, cikin sharhinsa a kan labaran Nathaniel Hawthorne, inda ya nuna cewa gajeren labari abu ne da ya kamata a karance a zama ɗaya, kuma kowace jimla ta yi aiki wajen kai mai karatu ga abu guda da marubuci ya nufa. Haka ya gina nasa. A wurin da littafi ɗaya ne tsakanin yara goma, kuma wuta na iya ɗaukewa kafin a kai shafi na uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dogon littafi sai a yi wata biyu ana ja, a manta farkonsa kafin a kai tsakiya. Wannan kuwa awa ɗaya ta isa a karanta, a yi gardama, a rubuta sakin layi. Na Jar Mutuwa, inda wani yarima ya kwashi abokansa dubu suka kulle kansu cikin katafaren gini suna shagali alhali annoba na cinye talakawa a waje, mun gama shi tsakanin magariba da isha'i. Ban yi wani dogon bayani ba, su da kansu suka tuno 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona.

Ba zan ce littafin duka zinariya ba ne. Wajen ƙarshensa akwai wasu hirarraki tsakanin ruhohi bayan mutuwa waɗanda ni kaina sau biyu ina farawa barci na ɗauke ni, kuma labaransa na ban dariya ba su ba ni dariya. Na rami da wuƙa mai lilo, wanda ke faruwa a kurkukun Toledo ta ƙasar Sifaniya, yana riƙe numfashi har kusan ƙarshe, sai kawai sojojin Faransa su faɗo su ceci mutumin, kamar marubucin ya ga takarda ta kusa ƙarewa. Na Bérénice, mai maganar haƙora, ba na ba ɗalibai, kuma ba zan ba su ba. Tun a 1835 da ya fito masu karatu suka yi ƙorafi, shi kansa Poe daga baya ya rage wani sashe. Mata a wurinsa yawanci ba su da aikin da ya wuce su yi rashin lafiya su mutu, abin da ɗalibaina mata suka lura da shi kafin in faɗa. A kundi na farko kuma akwai wani baƙar fata mai suna Jupiter da aka zana a matsayin wawan bara, irin kallon da farar fatar Amurka ta zamanin bauta ke yi mana. Wannan ma ina gaya wa yara, ba na ɓoyewa. Sannan faransancin Baudelaire ba na wasa ba ne, dole malami ya tsaya yana warware kalmomi. Saboda haka abin da nake cewa shi ne a zaɓa, ba a zuba wa yaro duka ba. Labari shida ko bakwai cikin ashirin da ukun sun isa, kuma daga ajin ƙarshe na kwaleji zuwa sama.

Wahalar faransancin ita ta kawo ni ga abin da nake nema daga hukuma da masu buga littattafai. A 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, faransanci ya koma harshen aiki. Madalla. Amma me matashi zai karanta da Hausar idan ya gama littafin koyon baƙaƙe? Littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano suna da masu karatunsu, ba na raina su, sai dai abinci kala ɗaya ba ya riƙe gida. Poe ya mutu a 1849, Baudelaire a 1867, babu wanda za a biya ko dala kafin a juya waɗannan labarai. Kuma ba baƙon abu za a fara ba. Abubakar Imam, da ya zauna rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasunsu, ya sa musu riga da hula har yau mutane da yawa ba su san baƙi ba ne. Ƙaramin littafi mai labari shida, da Hausar da ake ji a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a farashin da bai wuce na katin waya ba, ba abin da ya fi ƙarfin wani mai ɗab'i ba ne. Ina kuma fatan wanda ya karanta shi zai ce ai mu ma muna da irin waɗannan, ya zauna ya rubuta namu, don wanda ya taɓa jin hirar direbobin dare ko ta masu haƙar rijiya ya san ba kayan aiki muka rasa ba.

Da Alhaji dai mun rabu a kan cewa littafin zai ci gaba da zama a darasi, amma ba zai ƙara kwana a gidan kowa ba, kuma yarinyar za ta bar ƙannenta su yi barci. Har ya sa takalmi sai ya juyo ya ce: "Malam, shi wanda ka ce ya gine abokinsa a bango, da gaske ba a kama shi ba?" Na ce ba a kama shi ba, Alhaji. Ya yi salati, ya ɗan yi shiru, ya ce idan na juya shi da Hausa in aiko masa ya ji yadda aka yi mutum da hankalinsa ya bi shi cikin ramin. Na fara daren jiya, na yi shafi biyu. Inda na tsaya shi ne yadda Montresor zai kira Fortunato idan sun haɗu, ko "abokina" ko "ranka ya daɗe".